Gyambon Kawu da Gindin Rake

Kawuna ya ƙone a ƙwauri tun yana yaro, wajen jin ɗumi da hunturu. Shekara da shekaru tabon na nan shiru, sai ya buɗe ya zama gyambo. An yanke a asibiti, ya dawo. Mutane suka ce sammu ne. Ni ma, wallahi, haka na ɗauka.

Ashe abin ya daɗe a littattafan likitoci. A 1828 wani likitan Faransa, Marjolin, ya bayyana mikin da ke tasowa a tsohon tabo. Daga baya aka gane yawanci sankarar fata ce. To me ke dawo da ita? Sai a 2007 masu bincike a jami'ar Michigan ta Amurka suka nuna, a irin wannan sankara ta baki da maƙogwaro, cewa wasu ƙwayoyin halitta ƴan kaɗan, iyayen sauran, su ke sake haifar da ƙarin. Mu ƴan Matameye mun san haka a fadamar rake: ka sare kara, gindi ya sake tofowa.

Na'urar farko ta ƙona sankara da haske a Nijar, sai a 2021 ta fara aiki a Yamai. Kawu bai kai shekarar ba.