Murjani a Tankin Gilashi: Auna Kafin Ka Zuba

Ka san murjani dabba ce, ba dutse ba? Masu kiwonta a tankin gilashi sun daɗe suna tambayar me ya kamata a ƙara wa ruwan. A 1884, William Dittmar ya auna samfurin ruwan teku 77 da jirgin Challenger ya kwaso, ya tabbatar rabon manyan gishirin teku kusan ɗaya ne ko'ina. Amma ƙananan sinadarai irin su aidin, kimanin miligiram 0.06 a lita, suna da wuyar aunawa a gida, sai aka yi ta zuba su da ka. A shekarun 2010 gwajin ICP na ɗakin bincike ya yaɗu tsakanin masu kiwo. To, kai ma auna tukuna: tagulla kaɗan ta wuce kima, murjaninka ya mutu.