Tashar Baro, Ƙauyen Da Jirgin Kano Ya Taso

Yau shirin namu zai ɗan waiwaya baya ne, tunda Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Za mu leƙa wata 'yar tashar jirgin ƙasa da ke wani ƙauye a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Nufe, a ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja. Sunan ƙauyen Baro.

Na san wata za ta ce, to ni ina ruwana da tashar jirgi a ƙasar Nufawa? Ki ɗan saurara, 'yar uwa. Yawancinmu mun taso muna zaton daga Ikko aka fara jawo layin dogon da ya shigo Kano. Ba haka abin yake ba. Dogon da ya fara isa Kano daga wannan ƙauye na Baro aka faro shi, kuma abin da jirgin ya daɗe yana ɗauka, da hannun kakanninmu mata a cikinsa.

Ga yadda abin ya faru. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. A lokacin Arewa daban take, Kudu daban, kowace da gwamnanta da baitulmalinta, don sai a 1914 aka haɗe su. Hedikwatar Arewa tana Zungeru. Gwamnatin Ikko tana ta jawo nata dogon daga bakin teku, amma Gwamna Lugga da mutanensa suna son Arewa ta sami ƙofarta ta kanta, kada komai nata ya rataya a wuyan Ikko. Ƙofar da suka hango kuwa ita ce kogin Kwara. Idan damina ta yi nisa ruwa ya cika, manyan jiragen ruwa kan iya tasowa daga teku, su wuce Lakwaja, su zo har Baro, tafiyar kimanin mil 400. Daga nan sai a sauke kaya a ɗora wa jirgin ƙasa.

A 1907 gwamnatin Ingila ta amince da aikin, ta kuma turo wani sabon gwamna mai suna Percy Girouard. Shi injiniyan soja ne haifaffen ƙasar Kanada, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a hamadar Sudan a 1897, lokacin da Turawa ke yaƙar daular Mahadi. Wato dai da gangan aka zaɓo wanda ya san aikin. Duk ƙarafan dogo da kawunan jirgi da taragu ta ruwa aka kawo su, aka jibge a gaɓar Baro. Daga nan dogo ya miƙa ta Katcha da Badeggi zuwa Minna, tafiyar mil 111, ya wuce Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas. Tsawonsa duka kimanin mil 356 ne. A 1912 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa da matafiya.

To su wa suka yi aikin? Nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Ba injina suka yi shi ba. Mutane ne da diga da shebur da kwando, suna sare daji, suna ɗaukar ƙasa a ka. Turawa kan aika wa sarakuna, sarakuna su aika wa hakimai da dagatai, a ce kowane gari ya kawo mutum kaza. Nufawa da Gwarawa ne suka fara ɗanɗana wannan, daga baya ya iso kan talakawan Zazzau da na Kano. Ana biyan su da kuɗin ƙarfe, amma ba wanda aka tambaya ko yana so. Kuɗin nan ma akasari haraji ne ke cinye su, kuma ta wannan hanya kuɗin Bature suka riƙa ture wuri daga kasuwanninmu. Ku tuna, duk magidancin da aka ɗauka, akwai matar da ya bari da 'ya'ya da gona. Littattafan Turawa sun rubuta sunayen injiniyoyi, amma ba su rubuta sunayen waɗannan mata ba.

Yanzu bari mu dubi ginin. Wadda ba ta taɓa ganin ƙaramar tashar jirgi ta zamanin Turawa ba, kada ta ɗauka wani ƙasaitaccen bene ne. Tsarin ƙananan tashoshin wannan layi kusan iri ɗaya ne, kuma mai sauƙi. Gini ne dogo mai hawa ɗaya, a jere da dogo, an rufe shi da kwano. Rufin yakan zarce bango sosai, ya sauka a kan ginshiƙai, ya zama baranda mai fuskantar layi. Wannan baranda ita ce rumfar matafiya, kuma ita ke hana rana da feshin ruwa dukan bango. Rufin yana da tsawo, tagogi suna kallon juna, don iska ta ratsa, tunda ba fanka ba lantarki. A ciki akwai ofishin shugaban tasha, da 'yar taga inda ake yankan tikiti, da ma'aunin kaya, da wayar tangaraho.

Wayar nan ita ce ran tasha. Dogon layi ɗaya ne tak, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi. Saboda haka a tasha ake yin ɗan reshe, inda jirgi ɗaya zai raɓe ya jira ɗan uwansa ya wuce. Shugaban tasha ba ya sakin jirgi sai ya yi magana da na tasha ta gaba ya tabbatar hanya a buɗe take. Gefe guda kuma ga tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, domin jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya, yana cin itace ko kwal, yana shan ruwa kamar raƙumi. Sai sito na ajiye kaya, sai gidajen ma'aikata a baya.

Abin da ya bambanta Baro da sauran shi ne kogi. Nan dogo ya ƙare a bakin ruwa, don haka aka yi wurin da jiragen ruwa ke tsayawa, kamfanonin Turawa suka gina manyan sito-sito. Turawan kuma suka hau kan dutsen da ke bayan gari suka zauna, suna shan iska suna hangen kogi, leburori na ƙasa tare da sauro. Idan kika lura da wannan tsari, ginin da kansa zai gaya miki don wa aka yi shi. Wurin kaya ya fi wurin mutane girma. Tun ran gini tun ran zane, an yi tashar ne don fitar da amfanin gona, ɗaukar fasinja kuwa ƙari ne.

Wane amfanin gona? Masu masaƙu a Ingila auduga suka sa rai. Amma manoman Kano suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma idan ciniki ya ƙi ana iya cin ta a gida. Daga 1912 sai noman gyaɗa ya bunƙasa, har aka kai ga dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata. To iyayena, wa ke ɓare gyaɗar nan kafin ta shiga buhu? Kafin injin ɓara ya yawaita, mata ne a tsakar gida, da turmi da taɓarya da faifai. Macen da ba ta taɓa taka ƙofar tasha ba, aikin hannunta ya hau jirgi ya tsallaka teku, aka yi mai da sabulu da shi a Turai.

Sai dai tauraron Baro bai daɗe yana haskawa ba. Dogon Ikko ya iso Jebba a 1909, daga baya ya haɗu da na Baro a Minna, aka haɗe hukumomin biyu a 1912. Da farko a Jebba sai an ɗora taragu a jirgin ruwa an tsallakar da su, amma da aka gama gada a 1916, kaya suka riƙa wucewa daga Kano har Ikko ba saukewa. Kogi kuwa yana da lokacinsa, da rani ruwa kan janye manyan jirage su kasa zuwa. Haka babbar ƙofar Arewa ta koma reshe. An ci gaba da sauke kaya a can shekaru masu yawa, har yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirga a kogin, manyan motoci suka ƙwace ɗaukar kaya, cinikin gyaɗa ya faɗi. Jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta rufe dogo.

An yi ƙoƙarin farfaɗo da garin. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin Kwara daga Warri zuwa Baro, a watan Janairu na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a can. Amma a shekarun da suka biyo baya, kukan mutanen yankin shi ne rashin hanyar mota mai kyau da rashin dogo sun hana tashar aiki. Turawan 1907 sun san kogi shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa shi da hanyar tudu.

'Yan uwana, irin wannan tasha ba a Baro kaɗai take ba. Akwai su a Madobi, da Ringim, da Malam Madori, da Ƙauran Namoda, wasu na tsaye, wasu an kwashe kwanonsu. Ba mu ke da ikon gyara su ba, amma labarinsu a hannunmu yake. Idan akwai tsohuwa a gidanku da ta ga zamanin jirgin kwal, ko ta yi tallar ƙuli-ƙuli a tasha tana yarinya, ku zaunar da ita ta ba yara labari, mai boko a cikinsu ya rubuta a ajiye. Ku gaya wa 'ya'yanku cewa gumin kakanninsu ne a ƙarƙashin ƙarfen nan, don kada su yarda da masu sace shi suna sayarwa.

Nan za mu dakata. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.