Tarihin teɓa: daga huɗar gona zuwa sikis-fak

1/ Kullum sai an tambaya a nan: wai atisayen ciki yana rage teɓa? Samari na kwanta-tashi sau ɗari kowace asuba, bayan wata uku tumbi na nan daram. Amsar tana cikin tarihin abin. Zare ne mai ɗan tsawo, a yi haƙuri 🧵

2/ Mu fara daga gida. A ƙasar Matazu, har Malumfashi da Funtua, manomi a duƙe yake cinye shekara: sharar gona, shuka, firi, maimai, huɗa da garma, sannan ɗaukar dammunan dawa zuwa rumbu. Mata kuma ga sussuka, ga surfe, ga daka, ga jan guga.

3/ Duk wanda ya taɓa yin huɗa ya san inda ke masa tsami washegari: ciki, ƙugu, gadon baya. Asalin aikin tsokar ciki kenan, ta ɗaure gangar jiki ta tsaya ƙyam yayin da hannu da ƙafa ke aiki.

4/ In kaka ta yi sai kokawa da dambe. A Nijar tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa ta cin takobi, a Tahoua aka fara. Ka kalli zakarun da kyau: da yawansu ko layi ɗaya babu a cikinsu. To gwada ɗaga ɗaya daga ƙasa mu gani.

5/ Tumbi kuwa a da abin yabo ne. In mutum ya ajiye shi sai a ce wane ya samu, hutu ya zauna. Dalili a fili yake: mai yini a gona da wuya ya tara shi.

6/ To ina aka samo son ciki mai layi-layi, wanda muke kira sikis-fak? Daga Turai. Eugen Sandow, Bajamushe da aka haifa a 1867, sana'arsa nuna jiki a dandamali, yana kwaikwayon gumakan Girkawa. A 1901 ya shirya babbar gasar nuna jiki a Royal Albert Hall, Landan. Ciki ya tashi daga kayan aiki ya koma abin kallo.

7/ Sai sojoji da makarantu suka rungumi kwanta-tashi, saboda sauƙin ƙirgawa. Daga 1980 sojan ƙasa na Amurka ya sa shi cikin jarabawar ƙarfi: sau nawa za ka yi a minti biyu.

8/ 'Yan kasuwa ma ba a bar su a baya ba. Aka fito da bel mai lantarki, wai kana zaune yana narkar da teɓa. A 2002 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta maka masu sayar da iri uku a kotu kan tallar ƙarya. Irinsu har yau suna yawo a Instagram, su da shayin rage tumbi.

9/ Masana sun gwada fa. A 1984, a Jami'ar Massachusetts, maza 13 suka yi kwanta-tashi 5,004 cikin kwana 27. Da aka auna, kitsen ciki bai ragu fiye da na baya da na mazaunai ba. A 2011 aka yi wani da mutum 24 na mako shida: tsoka ta ƙara juriya, teɓa ko gezau.

10/ Me ya sa? Tsoka ba ta cin kitsen da ke kwance a kanta. Jiki daga ko'ina yake ɗebo kitse ta hanyar jini, kuma sai in abin da ka ƙona ya fi abin da ka ci. Kana iya samun tsoka kamar katako a ƙarƙashin teɓa.

11/ A 2020 sojan Amurka ya cire kwanta-tashi daga jarabawar. Daga 2022 abin da ake gwadawa shi ne dogarawa kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe, a ga daɗewarka. Wato an dawo kan riƙe gangar jiki, aikin da garma ke sa mutum tun kaka da kakanni.

12/ Inda abin yake da ban tsoro: mun bar wahalar, ba mu bar cimar ba. Malmalar tuwo irin ta mai huɗa, ga lemon kwalba, ga shayi mai sukari, sannan daga aji sai kan babur sai danna waya. Kitsen da ke taruwa can ciki, kewaye da hanji da hanta, yana da alaƙa da ciwon suga da hawan jini.

13/ Ari tef ɗin tela ka auna ƙugu. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya, IDF, ta sa iyaka: santimita 94 ga maza, 80 ga mata. Kai ko ke, in an kai nan, maganar ta wuce kwalliya.

14/ Saboda haka atisayen ciki yana da amfani, yana ƙarfafa ƙugu, yana tallafar baya. A yi shi, minti goma ma ya isa. Amma mai son teɓa ta tafi sai ya rage sukari da yawan loma, ya taka da ƙafa, ya buga ƙwallo. In hutu ya faɗo da damina, Baba na neman mai riƙe masa garma, kuma ba ya karɓar kuɗin rajista 😅