Takardar Tara da Kundin Kotu: Tarihin Shari'ar Direbobi a Amurka



Yau za mu leƙa Amurka mu bi tarihin wata 'yar takarda da ba ta fi tafin hannu biyu ba, wato takardar da ɗan sanda yake miƙa wa direba idan ya karya dokar hanya. Na zaɓe ta ne domin mafi yawan Amurkawan da suka taɓa yin hulɗa da kotu ta dalilinta suka yi. Kuma kundin da ake adana ta a ciki ya koma shaida a kan hukuma kanta.

Labarin ya faro ne daga Ingila. A 1865 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ce duk abin hawa mai inji kada ya wuce mil 4 a sa'a a karkara, mil 2 a cikin gari, kuma dole wani ya riƙa tafiya a gabansa da jar tuta. A watan Janairun 1896 wani Walter Arnold ya bi ta garin Paddock Wood na yankin Kent yana gudun mil 8 a sa'a. Ɗan sanda ya bi shi a keke har ya cim masa, aka kai shi gaban alƙali aka ci shi tara. Shi ake lissafawa a matsayin mutum na farko da aka hukunta saboda gudun wuce sa'a a mota.

A Amurka kuwa, ranar 20 ga Mayun 1899 aka kama wani direban tasi mai suna Jacob German a titin Lexington na birnin New York yana gudun mil 12. Motarsa mai aiki da lantarki ce, wanda ya kama shi kuma shi ma a keke yake. Abin lura a nan shi ne ba a ba shi wata takarda ba, kai tsaye aka wuce da shi caji ofis aka kulle. Haka tsarin yake a lokacin: wanda ya yi laifi a titi kama shi ake yi kamar ɓarawo. A watan Satumba na wannan shekarar wata tasi ta buge Henry Bliss a New York ya mutu, shi ne mutum na farko da mota ta kashe a ƙasar. A 1901 jihar Connecticut ta kafa dokar gudu ta farko ga motoci, mil 12 a gari, mil 15 a wajen gari, ita kuma jihar New York ta wajabta yi wa mota rajista.

Kamun direbobi ya yiwu ne muddin motoci ba su da yawa. Da kamfanin Ford ya fito da motarsa mai araha, Model T, a 1908, sai mota ta shiga hannun manomi da ɗan kasuwa da likita da malamin makaranta. 'Yan sanda suka wayi gari masu karya doka sun zama mutanen kirki na unguwa, waɗanda ba su taɓa kwana a sel ba, kuma suna da ƙuri'a. Ba za a iya kulle su duka ba. Mafitar da aka samu ita ce sammaci: a rubuta sunanka da lambar motarka da laifinka, ka yi alkawarin zuwa kotu rana kaza, ka kama gabanka. To kun ga asalin takardar sassauci ne, an ƙirƙiro ta domin a daina kwana da mutane a bayan kanta.

Wace kotu ake zuwa? Nan ne tsarin Amurka yake rikita baƙo. Dokar hanya ta jiha ce, amma shari'arta tana hannun ƙananan kotuna na gunduma ko na gari. Ƙasar tana da gundumomi sama da 3,000, waɗanda su suke kira kawunti, kowacce da kotunta da akawun da yake riƙe da kundi. A farkon ƙarni na 20 yawancin masu yanke hukunci a karkara ba su karanta shari'a ba, a wasu jihohin ma magajin gari ne alƙali. Mafi muni, da yawansu daga kuɗin shari'ar da wanda aka samu da laifi ya biya ake sallamar su. Idan an wanke mutum, alƙali ya tashi hannu rabbana.

Wannan ya kai ga Kotun Ƙoli a 1927, a shari'ar Tumey da jihar Ohio. Laifin mallakar giya ne a zamanin da aka haramta ta, amma hukuncin ya shafi kowace ƙaramar kotu: ba ya halatta wanda yake da rabo a cikin tara ya zama shi ne mai yanke ta. Bayan shekara 45, a 1972, maganar ta dawo a kan direba. Magajin garin Monroeville, shi ma a Ohio, ya ci wani Clarence Ward tarar dala 50 sau biyu a kan laifin hanya. Ba aljihunsa kuɗin suke shiga ba, amma babban kaso na kuɗin shigar garin daga kotunsa yake fitowa. Kotun Ƙoli ta ce wannan ma bai yi ba, domin an ba kura ajiyar nama.

Matsala ta biyu ita ce kashe takarda. Wanda ya san ɗan siyasa ko wani babba a ofishin 'yan sanda sai ya kai masa sammacinsa, a yage, magana ta mutu. Talaka ne kawai yake biya. Maganin da aka kawo na akawu ne, kuma ya yi tasiri fiye da wa'azi. A 1949, a ƙarƙashin babban alƙalin jihar New Jersey, Arthur Vanderbilt, aka fara aiki da takarda iri ɗaya a duk jihar, mai lamba a jere da kwafi da yawa: ɗaya ga direba, ɗaya ga ɗan sanda, ɗaya ga kotu. Idan lamba ta ɓace daga jeri, dole wani ya yi bayanin inda ta shiga. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta yi ta tallata wannan tsari har jihohi da yawa suka ɗauka. Daga nan kowace tara ta zama tana barin sawu.

Kada a ɗauka lamba ta kawar da cin hanci. A farkon shekarun 1980 hukumar FBI ta shigar da mutanenta cikin kotunan gundumar Cook, inda birnin Chicago yake, a wani bincike da aka sa wa suna Greylord. Kotun motoci tana cikin wuraren da aka bankaɗo, kuma a ƙarshe an samu alƙalai 15 da laifi, ban da lauyoyi da 'yan sanda da ma'aikatan kotu. A 2013 aka gurfanar da alƙalai tara na da da na lokacin a birnin Philadelphia kan zargin kashe takardun 'yan uwa da abokan siyasa, abin da ya kai ga rushe kotun motocin birnin baki ɗaya.

Matsala ta uku ita ce ta wanda ba shi da abin biya. Preston Tate, mutumin Houston a jihar Texas, tarar dala 425 ta taru a kansa daga laifukan hanya guda tara. Da ya kasa biya sai aka tura shi gonar fursunoni, kowace rana a bakin dala 5, wato kwana 85. A 1971 Kotun Ƙoli ta ce ba a mayar da tara zuwa ɗauri don kawai mutum talaka ne. Amma a 2001 kotun ta ba da wani hukunci da ya koma baya. An kama wata uwa, Gail Atwater, a garin Lago Vista na Texas saboda ita da 'ya'yanta ba su ɗaura bel ba, laifin da tararsa ba ta wuce dala 50. Alƙalai biyar cikin tara suka ce kamun bai saɓa wa tsarin mulki ba. Bayan shekara ɗari da biyu da kama Jacob German, ƙofar sel tana nan a buɗe.

Inda kundin kotu ya fi nuna ƙarfinsa shi ne Ferguson, wani ƙaramin gari mai mutum kusan 21,000 a gundumar St. Louis ta jihar Missouri. Bayan ɗan sanda ya harbe Michael Brown a watan Agustan 2014, Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta tura masu bincike suka zauna da takardun 'yan sanda da na kotun garin. Rahoton da suka fitar a watan Maris na 2015 ya nuna cewa baƙar fata su ne kashi 67 cikin ɗari na mazauna garin, amma su ne kashi 85 na direbobin da ake tsayarwa. A 2013 kaɗai kotun ta ba da warantin kamu sama da 9,000, galibi a kan ƙananan laifuka. Akwai wata mata da ta ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba a 2007 aka ci ta dala 151. Saboda ta kasa zuwa kotu wasu lokuta kuma ta gaza biya a kan kari, an kama ta sau biyu, ta yi kwana shida a tsare, ta biya dala 550, amma a ƙarshen 2014 ana bin ta dala 541. Duk wannan a rubuce yake da hannun ma'aikatan garin. A 2015 jihar Missouri ta rage kason da gari zai iya samu daga tarar motoci daga kashi 30 zuwa 20 na kuɗin shigarsa.

Buɗe kundi ga kowa shi ma yana da nasa haɗarin. A 1989 wani mutum ya kashe 'yar fim Rebecca Schaeffer a ƙofar gidanta a Los Angeles, bayan an samo masa adireshinta daga ofishin rajistar motoci na California. Wannan yana cikin dalilan da suka sa majalisar tarayya ta yi dokar kare bayanan direbobi a 1994.

A yau kundi biyu ne. Na farko na kotu, yana wajen akawun gundumar ko garin da aka tsayar da mutum, ba inda yake zaune ba. Sunan kotun da lambar shari'ar suna jikin takardar, kuma kotuna da yawa sun sa bayanan a intanet, a nema da lamba ko da suna. Na biyu kundin tuƙi ne da yake ofishin lasin na jiha, inda ake tara wa direba maki, kamfanonin inshora kuma su duba su ƙara masa kuɗi. Wanda aka ba takarda yana iya biya, wanda a mafi yawan wurare daidai yake da amsa laifi, ko ya je kotu ya musa, ko a wasu jihohi ya halarci darasin tuƙi don kada laifin ya hau kundinsa. Abin da ya fi cutar da mutane shi ne yin shiru, domin shi ne yake jawo ƙarin tara da dakatar da lasin, wani lokaci har da waranti.

'Yan uwa, me ya kawo wannan zaurenmu? Yawancinmu idan za mu rubuta tarihi sarakuna da yaƙe-yaƙe muke nema, alhali rayuwar talaka tana cikin ƙananan takardu. Mu ma muna da irinsu. Masanin tarihi Allan Christelow ya fitar da littafi a 1994 daga kundin majalisar shari'ar Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, inda ake ganin rigingimun gona da gado da sata na mutanen da babu wani marokin da ya taɓa ambatar sunansu. Akwai tsofaffin takardu a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa. Kotun tafi-da-gidanka da ake kafawa a bakin titi a garuruwanmu ita ma tana rubuta suna da laifi da tara.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya nemo tsohuwar takarda ɗaya ta hukuma a gidansu, ko rasit na haraji, ko sammaci, ko takardar cinikin gona. A rubuta shafi ɗaya a kanta: wa ya rubuta ta, wa ya biya, ina kuɗin suka tafi, kuma me da zai faru da ba a biya ba. A sakaya sunayen mutane kafin a turo.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.