Gawa Biyu a Igiya Ɗaya

A tsohon birnin Zariya, idan mai yasar rijiya ya sauka bai fito ba, kafin a dawo daga maƙabarta an yanke hukunci a zaure: wannan ya ce igiya ce, wancan ya ce ganganci. Masu nutso cikin ruwan kogo ma haka suke yi wa nasu.

A 1994 Deon Dreyer, ɗan shekara 20, ya ɓace a kogon Boesmansgat na Afirka ta Kudu. Bayan shekara goma Dave Shaw, ɗan Ostireliya, ya tarar da gawarsa a zurfin mita 270, ya yi wa iyayensa alkawarin ɗauko ta. Ranar 8 ga Janairu, 2005 ya sauka, bai dawo ba. Tsegumi ya tashi: cika alkawari ne ko neman suna?

Kyamarar da ke kansa ta ba da shaida: fitilarsa ta sarƙe da igiya, ya yi ta fama har numfashi ya gagare shi. Sai dai shaidar ma da hannunta a ciki, domin saboda ita ya bar fitilar tana reto. Da aka zo janye igiyoyi, gawa biyu suka taso tare.