ZARE: Daga Jibiya zuwa Maraɗi, tarihin koyon fim a ɓangarori biyu na iyaka ɗaya

1/ Tambaya ga 'yan'uwana ɗaliban fim da talabijin: wace ƙasa ce ta fara lashe babbar kyautar FESPACO, bikin finafinai mafi girma a Afirka? Na san wasu za su ce Masar, wasu Senegal. To Nijar ce, a 1972. Najeriya sai 2007 ta samu, da fim ɗin Ezra na Newton Aduaka. Ku gyara zama, zaren na da ɗan tsawo 🧵

2/ Ina aji uku a jami'a, yanzu haka ina IT a wani ƙaramin situdiyo a Katsina. Daga nan zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba: Katsina, Jibiya, Magama, ka tsallaka Ɗan Isa, sai Maraɗi. Kano ma ta fi nisa. Amma a aji mun fi sanin daraktocin Amurka da Indiya a kan na maƙwabtan da muke jin maganarsu ba tafinta.

3/ Abin da nake so in nuna shi ne: iyakar Jibiya ta raba yadda ake koyon fim gida biyu, amma ba ta taɓa raba masu kallo ba. Kowane ɓangare ya samu abin da ɗayan ya rasa. Bari mu faro daga iyakar kanta.

4/ Wajen 1807, lokacin jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe suka bar birni suka nausa arewa. Daga baya, wajen 1819, Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsu a Maraɗi. Shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi "Sarkin Katsina" ake ce masa. Jibiya tana tsakanin Katsina biyu ke nan.

5/ Sai Ingila da Faransa suka zo suka yi ta ja-in-ja kan taswira: yarjejeniyar 1898, ta 1904, ta 1906. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Kaka ɗaya, amma jikan Jibiya ya tashi da Ingilishi, na Ɗan Isa da Faransanci. Kyamara ma ta ƙofa biyun nan ta shigo.

6/ Ɓangarenmu tukuna. Abin da kakanninmu suka fara sani shi ne majigi: mota, janareto, farin ƙyalle, a kafa da dare a ƙofar fada, mai fassara na bayani da lasifika. A 1939 Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin William Sellers, jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Najeriya.

7/ Majigi darasi ne: tsafta, rigakafi, noman zamani, ayyukan gwamnati. Ku tambayi tsofaffi Baban Larai, za ku ga murmushi. Amma ku lura, kyamarar a hannun hukuma take. Wanda ya koyi aikin, ma'aikacin gwamnati ne. Cikinsu aka samu Adamu Halilu, wanda a 1976 ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim.

8/ Gefe guda kuma ga sinimar kuɗi. An buɗe Rex a Kano a 1937, sannan wasu suka biyo baya. A irin waɗannan gidaje finafinan Indiya suka kama zuciyar Bahaushe. Duk mai mamakin inda waƙa da rawa suka samo asali a fim ɗin Hausa, to ga tushen nan.

9/ Makarantar gaske ta farko a Arewa talabijin ce. An buɗe ta Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977, Gwamna Abubakar Rimi ya kawo CTV 67 a Kano farkon shekarun 1980. Nan aka san su Samanja da Ƙasimu Yero. Namu na gida, Umaru Ɗanjuma Katsina, Kasagi, shi ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, wanda Brendan Shehu ya mayar fim.

10/ A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, Salisu Galadanci ya ba da umarni. Daga nan wuta ta kama. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 ga Sangaya, ga mujallun Tauraruwa da Fim, ga sunan Kannywood da Sunusi Shehu Daneji ya raɗa.

11/ Ta yaya aka koyi aikin? Kamar yadda ake koyon ɗinki ko kanikanci. Ka fara da naɗe waya da riƙe fitila a lokeshan, a ba ka kula da ci gaban shiri, wata rana mai ɗaukar hoto ya ce zo ka riƙe. Kuɗi kuwa daga 'yan kasuwar Ƙofar Wambai. Alƙalin jarrabawa shi ne mai saye: in kaset bai tafi ba, ka faɗi.

12/ Yanzu mu tsallaka Magama. A 1941 wani matashin injiniya Bafaranshe, Jean Rouch, ya zo Nijar aikin gina hanyoyi. Daga baya ya ajiye injiniyanci ya ɗauki ƙaramar kyamara yana bin rayuwar mutanen bakin kogin Kwara. 'Yan Nijar da suka yi masa aiki, a hannunsa suka ga yadda ake yi. Ita ce IT ɗinsu, in ka ga dama.

13/ Oumarou Ganda haifaffen Yamai ne, 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocin, yankin Biyetnam na yau. Ya dawo ba aiki, ya tafi Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. Can Rouch ya haɗu da shi ya sa shi jarumin Moi, un noir na 1958, fim ɗin da ya yi tasiri a kan matasan daraktocin Faransa.

14/ Ganda bai tsaya a gaban kyamara ba, ya koma bayanta. Cabascabo, labarin tsohon sojan da ya dawo gida kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse, an nuna shi a Cannes a 1969. Sai Le Wazzou polygame, labarin alhajin da ya ƙara aure da yarinyar da aka riga aka yi wa miji. Shi ne ya ci kyautar 1972 a Wagadugu.

15/ Ga kuma Moustapha Alassane, bakanike mai zane. Ya je Kanada ya ƙara sani wajen Norman McLaren, ya dawo yana katun tun shekarun 1960. Bon voyage Sim na 1966 labarin shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyarar aiki, habaici ga masu mulki. A shekarar kuma ya yi fim ɗin kaboyi da samarin Nijar, Le Retour d'un aventurier.

16/ Alassane ya shafe shekaru yana jagorantar sashen fim na jami'ar Yamai, kuma ya tsallako Najeriya ya ɗauki naɗin sarauta a garin Shaki na Yarabawa a 1973. Tun kafin a haifi Kannywood da shekara 17, ɗan Nijar ya ga akwai abin ɗauka a wannan ɓangaren. Mu fa, wa ya tsallaka can?

17/ Sai dai tasu hanyar na da rami. Yawancin finafinan nan da Zabarmanci da Faransanci aka yi su, da tallafin waje, kuma a bukukuwan Turai da Wagadugu aka fi ganinsu. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, tattalin arziki ya taɓu, harkar ta yi sanyi. Rahmatou Keïta ta ba da labarin a Al'lèèssi, kan jaruma Zalika Souley.

18/ To me mutumin Maraɗi zai kalla da harshensa? Kaset ɗin Kano. Hanyar da ke kai kaya daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya take bi, fim ma ita ya bi: kaset, sannan faifan CD, sannan masu tura fim a waya. Nijar ta zama babbar kasuwar fim ɗin Hausa a wajen Najeriya, jarumai na zuwa wasan Sallah ana cika fili.

19/ Kuma mutane ma sun biyo hanyar zuwa kudu. Fati Nijar, muryar da ta cika waƙoƙin finafinai, daga Maraɗi ta zo Kano. Rakiya Moussa ma 'yar Nijar ce. A taƙaice: su sun samu kyaututtuka da suna a duniya ba kasuwa a gida, mu mun samu kasuwa ba tare da horo mai zurfi ba.

20/ Makarantu sun zo ne don cike giɓin. An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, ya ƙirƙiro SIWES a 1973, wannan da muke ce wa IT. Hukumar finafinai ta ƙasa, 1979. Kwalejin talabijin ta NTA a Jos, 1980. Cibiyar koyar da fim ta ƙasa a Jos, 1995. A 2020 hukumar NUC ta rarraba kwas ɗin aikin jarida, fim ya samu digirinsa na kansa.

21/ A can kuma akwai IFTIC a Yamai, inda Aïcha Macky 'yar Damagaram ta karanci fim na gaskiya, wanda ba wasan kwaikwayo ba. Ta yi L'arbre sans fruit a 2016 kan matan da ba su samu haihuwa ba, sai Zinder a 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara. Mutanen ciki Hausa suke yi, ba ka buƙatar karanta rubutun ƙasa.

22/ Sani Magori ɗan Galmi kuwa malamin gona ne kafin ya shiga fim. A 2008 ya yi fim kan auren da ya rataya a kan farashin albasar Galmi. A 2010 ya yi Kukan Kurciya: ya ɗauki tsohuwar zabiya Hussey har Abijan, don ta yi wa mahaifinsa waƙar da za ta dawo da shi gida. Ba gidan alfarma, ba mota mai tsada, amma zuciya na motsawa.

23/ Abin da IT ta koya min ya ƙara fito da wannan fili. Rabin aikinmu tace hoton biki ne da talla. Na zauna kan wani biki, ango ɗan Jibiya, amarya daga Maraɗi. A sautin za ka ji ana cewa lakwal maimakon makaranta, mushe maimakon malamin boko, likita maimakon asibiti. Liƙi kuwa naira da sefa a faranti ɗaya.

24/ Maigidana a situdiyon bai yi jami'a ba, amma kallo ɗaya yake yi wa ɗaki ya san inda zai ajiye fitila. Ni kuma na zo da sunayen ra'ayoyin masana da tarihin sinima. Ya koya min riƙe kyamara ba rawa, ni na nuna masa Kukan Kurciya. Da ya gama kallo shiru ya yi, sai ya tambaya ko da wace irin kyamara aka ɗauka 😅

25/ Iyakar kuwa ta sha rufewa. Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe, Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, sai Maris 2024 aka buɗe. Manyan motoci sun yi layi, kasuwa ta mutu, 'yan dako da direbobi sun ji a jikinsu.

26/ Amma Labarina, Izzar So da Kwana Casa'in ba su taɓa tsayawa a shingen kwastan ba. YouTube da tauraron ɗan'adam ba ruwansu da fasfo. Wanda ya kasa tsallakawa shi ne ɗalibi da kyamararsa. In an tashi neman wurin IT, Kano, Kaduna, Abuja ko Legas ake dubawa. Ga kuma matsalar tsaro da ta sa iyaye ke ɗar-ɗar da hanyar.

27/ Ga abin da ke damuna. In ka ji Jibiya a labarai, 'yan bindiga ne ko fasa-ƙwauri. Wa zai ɗauki labarin matar da ta yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi da 'ya'yanta? Ɗan canji a Magama? Manomin rani a gefen madatsar ruwan Jibiya? In ba mu ɗauka ba, baƙo zai zo ya ɗauka, ya sa mana fassarar da ya ga dama.

28/ A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura, Katsina da Jibiya, wajen kilomita 284. Ranar da jirgi ya fara wucewa, tasha, kasuwa da sana'o'in bakin iyaka za su sauya kama. Hoton yadda suke a yau, yau ne kawai ake iya ɗaukarsa.

29/ Roƙona ga malamanmu, Allah Ya ƙara girma: a sa Ganda, Alassane, Magori da Macky cikin manhaja. A nemi alaƙa da IFTIC da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko da musayar finafinan ɗalibai ce ta intanet kafin hanya ta yi kyau. Mu mu koya musu kasuwa, su koya mana haƙurin bin labari na gaskiya.

30/ Mu kuma ɗalibai, aiki biyu kafin hutu ya ƙare. Na ɗaya, ku nemi Cabascabo, Bon voyage Sim, Kukan Kurciya da Zinder ku kalla. Na biyu, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ta ga majigi, ku nemi izini, ku kafa waya wurin da ba hayaniya, ku tambaya: a ina aka kafa, me aka nuna, wa ya yi fassara?

31/ 'Yan'uwa na Maraɗi, Tasawa, Damagaram da Tawa, wane fim ɗin Hausa kuka fara gani, kuma a ina? Ku ba mu labari, mu ma mu ƙaru. Allah Ya zaunar da Jibiya da kewayenta lafiya, Ya jiƙan magabatan da suka riƙe kyamara kafin mu. Ƙarshen zare 🙏🏾