Mayaƙi da Matsafi a Wasan Dungeons & Dragons

A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake zagaye tebur, kowa ya zama gwarzo guda cikin labari, ɗan lido ya yanke hukunci. Tun asali ba a raba ƙarfi daidai ba. Matsafi kan fara da tsafi ɗaya tak, sara guda na iya kai shi lahira, amma in ya yi tsawon rai sai ya yi wa mayaƙi fintinkau.

Bugu na uku, na 2000, ya sakar wa ƴan wasa mara wajen haɗa baiwa iri-iri. Nan ɓaraka ta faɗaɗa, domin mai wayon haɗe-haɗe kan ƙera gwarzon da zai mai da abokan zamansa ƴan kallo. Bugu na huɗu, na 2008, ya ɗora kowa bisa tsari guda. Adalci ya samu, sai dai da yawa sun koka cewa mayaƙi da matsafi sun zama Ɗanjuma da Ɗanjummai, suka koma Pathfinder, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2009 bisa tsofaffin dokokin.

Bugu na biyar, na 2014, ya maido da bambancin, amma ya hana matsafi riƙe manyan tsafe-tsafe masu ɗorewa biyu a lokaci guda.